Daga Kankiya Zuwa Tuddan Yashin Yusufari

Mutumin Kankiya ko Kusada mai sha'awar ganin hamada ba sai ya ƙetara Nijar ba. A ƙasar Yusufari ta Jihar Yobe akwai dausayin Bulatura, ɓangare na Gandun Dajin Tafkin Chadi wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991.

Hanyar ita ce Bichi, Kano, Haɗeja, Nguru, Gashuwa. Bayan Yusufari kuwa yashi ne zalla, sai jif, da ɗan jagora, da guzurin ruwa da man fetur. Ƙaramar mota kafewa za ta yi, ga shi babu makanike kusa.

A tafi da hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a Dagona, kusa da Gashuwa. Amma kafin a ɗaura niyya, a tuntuɓi hukuma game da tsaron hanya.