Bayan Dashen Hanta: Wace Irin Rayuwa Yaro Zai Yi?

A shekarar 1963, a birnin Denver na Amurka, likita Thomas Starzl ya yi yunƙurin farko na dasa wa ɗan Adam hanta. Wanda aka kwantar a gadon tiyatar yaro ne ɗan shekara uku. Jini ya ɓalle masa, ya cika kafin a kammala aikin. Sai a 1967 Starzl ya dasa wa wata yarinya da ba ta kai shekara biyu ba, ta kuma rayu shekara guda da 'yan kai. A wancan zamani wannan kaɗai ya isa abin shela. Yau kuwa, a manyan asibitocin da suka ƙware, kusan yara tara cikin goma suna tsallake shekarar farko, fiye da takwas cikin goma suna haura shekara biyar. Da yawa daga cikin jariran da aka yi wa dashe a shekarun 1980 yanzu magidanta ne. Shi ya sa tambayar likitoci da iyaye ta sauya. A da cewa ake, "Zai tashi kuwa?" Yanzu tambayar ita ce, "In ya tashi, yaya zai rayu?"

Ciwon da ya fi kai jarirai ga dashe shi ne toshewar hanyoyin madaciya. Ruwan madaciya kan rasa hanyar gangarawa daga hanta zuwa hanji, sai ya taru ya riƙa cin hantar. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: shawara da ta ƙi wucewa bayan mako biyu, kashi fari-fari kamar ƙasar alli, fitsari mai duhu. Likitan Japan Morio Kasai ya ƙirƙiro tiyatar buɗe wa ruwan hanya tun a shekarun 1950, kuma ta fi amfani idan an yi ta kafin jariri ya cika wata biyu. Duk da haka, da yawa daga cikinsu sai an kai ga sauya hantar. Sa'ar da aka yi ita ce hanta tana tofo, ba kamar zuciya ba. A 1989 likita Russell Strong ya yanko wani ɓangare na hantar wata uwa a Brisbane ta Ostireliya, ya dasa wa ɗanta, aikin ya yi kyau. Tun daga nan uwa ko uba kan iya ba ɗansu yankin hantarsu, abin da ya rage a jikinsu kuma ya sake cika.

To amma ranar sallama daga asibiti ba ita ce ranar rabuwa da likita ba. Garkuwar jiki tana kallon sabuwar hanta a matsayin baƙuwa, kuma aikinta shi ne korar baƙo. Dole a lallashe ta da magani. Saiklosporin, wanda ya bazu a farkon shekarun 1980, shi ya fitar da dashe daga matakin gwaji. Yau takrolimus aka fi amfani da shi, yawanci sau biyu a rana, sa'a 12 tsakani, galibi har ƙarshen rayuwa. A nan gizo ke saƙar. Maganin da ke kare hanta shi ne kuma kan gajiyar da ƙoda a hankali, ya jawo hawan jini ko ciwon suga. Garkuwar da aka sassauta ba ta tare cututtuka yadda ya kamata, har wata ƙwayar cuta da yawancin mutane ke ɗauke da ita ba su sani ba, wato Epstein-Barr, tana iya haddasa wani nau'in sankarar ƙwayoyin jini ga yaron da aka yi wa dashe. Aikin likita shi ne auna ma'auni: in magani ya yi kaɗan jiki ya yi wa hanta bore, in ya yi yawa sauran gaɓoɓi su ɗanɗana kuɗarsu.

A 2012 wani bincike na haɗin gwiwar asibitocin Amurka da Kanada ya duba yaran da suka cika shekara goma da dashe. Ya tambaya: nawa ne ke da hantar da aka fara dasa musu lafiya lau, suna shan magani iri ɗaya tak, girmansu daidai, ba hawan jini, ba matsalar ƙoda? Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka cika waɗannan sharuɗɗa duka. Sauran suna raye, suna harkokinsu, sai dai kowa da ɗan abin da yake lallaɓawa.

Da aka koma tambayar yaran da kansu da iyayensu, amsar da ta yi ta maimaituwa ita ce: rayuwarsu ta fi ta lokacin ciwo nesa ba kusa ba, amma ba ta kai ta tsaransu masu cikakkiyar lafiya ba. Ta fi kama da ta yaro mai wani ciwon da ake zama da shi. Inda aka fi ganin giɓi shi ne makaranta. Yaron da ya shafe watanninsa na farko da ruɓaɓɓiyar hanta ya yi fama da tamowa daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Ga fashin aji saboda ganin likita. Wasu sukan sha wahalar tattara hankali ko lissafi, malami kuma ya ɗauka lalaci ne. Tsawo ma yakan yi jinkiri, ko da yake da yawa suna kamo tsaransu bayan an rage magungunan sitiroyid.

Mafi hatsarin zango shi ne balaga. Jaririn da aka yi wa dashe bai san ciwon da ya yi ba. Abin da ya sani shi ne tabo a ciki da kwalbar magani. Ya kai shekara 15, yana jin ƙarfi, abokansa ba sa shan komai, sai ya fara tsallake na safe, ya manta na dare. Hanta kuwa ba mai ƙorafi ba ce. Tana iya lalacewa a ɓoye, ido bai yi rawaya ba sai abu ya yi nisa. Sakaci da magani na cikin manyan dalilan da matasa ke rasa hantar da suka riƙe shekaru. Don haka asibitoci da dama suke fara koya wa yaro sunayen magungunansa da dalilin kowane ɗaya tun kafin ya balaga, don kada ranar da zai koma hannun likitocin manya ta same shi bai taɓa riƙe ragamar kansa ba.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Iyalai daga Nijeriya sukan sayar da gona ko gida, dangi su yi karo-karo, a kai yaro Indiya ko Masar. Lissafi yakan tsaya kan kuɗin jirgi da na tiyata. Ba kasafai ake sa kuɗin maganin shekara 20 ba, ko inda za a riƙa auna yawansa a jini, ko abin da za a yi ranar da zazzaɓi ya zo da tsakar dare. Ga kuma masu kawo jiƙo da sassaƙe da kyakkyawar niyya, alhali wasu tsirrai suna cutar da hanta ko su rikita aikin maganin. Uwar da ta ba da yankin jikinta ita ma tana buƙatar mai tambayar ta ya jiki.

Duk da haka, kada a mai da yaron ƙwai a cokali. Waɗanda aka yi wa dashe suna buga ƙwallo, suna gama jami'a, suna aure, mata suna haihuwa idan likita ya daidaita musu magani tun kafin ciki. Tun 1978 ake shirya wasannin duniya na mutanen da aka yi wa dashen gaɓoɓi, ana tsere ana ninƙaya.

Likitan tiyata yakan gama nasa cikin yini ɗaya. Sauran aikin na uwa ne mai duba agogo, da malamin da ya fahimci dalilin fashi, da matashin da wata rana zai ɗauki kwalbar maganin da hannunsa ba tare da an ce masa "sha" ba.