Tanadin Alƙalai a Birnin Zazzau: Tsakanin Zaure da Kwas

Malaman usulu sun kafa ƙa'idar cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Alƙalanci farillar kifaya ce, saboda haka renon wanda zai riƙe shi nan da shekara ashirin nauyi ne a wuyan al'ummar yau. Wannan ne masana gudanarwa ke nufi da daidaita tanadin ma'aikata da manufa mai dogon zango.

Zaurukan ilimi na cikin ganuwar Zazzau, musamman na Unguwar Juma da Kona, sun daɗe a kan wannan turba. Ɗalibi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, ya bi ta Askari, kafin ya kai Muhtasar. Tafiyar takan ci shekaru, malami kuwa yana lura da wanda Allah ya ba kaifin fahimta, da mai haƙurin sauraron masu husuma, da wanda limanci ko karantarwa ya fi dacewa da shi. Wanda ya yi nisa akan ba shi ƙanana ya biya musu karatu, wani ya zama na'ibi, wani muhuti a gaban alƙali. Gado yakan rinjayi cancanta wani lokaci, wannan aibi ne, amma ba a rasa magaji.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma sabon kundin hukunta laifuffuka, Fenal Kod, ya fara aiki a 1960. Manufa ta sauya cikin shekara biyu. Alƙalan da suka tashi a kan Muhtasar aka riƙa tura su gajerun kwasa-kwasai a makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, a wajen ganuwa.

Daga shekarar 2000, da jihohin Arewa suka dawo da haddi, sai al'amarin ya juya. An rubuta dokoki cikin watanni, aka miƙa su ga kotunan da suka shekara arba'in ba su yi aiki da babin haddi ba. A 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta soke hukuncin rajamu da aka yanke wa Amina Lawal. Daga cikin hujjojinta har da ƙin karɓar janye iƙirari, mas'alar da ɗalibin Risala ya sani.