Abin da ya sa 'yan gurguzun Turkiyya ke ɗari-ɗari da Tarayyar Turai

Tun da Turkiyya ta sa hannu kan Yarjejeniyar Ankara da kasuwar bai-ɗaya ta Turai a 1963, 'yan gurguzun ƙasar ke cewa Turawa ne masu riba, Turkiyya kuwa wurin sayar da hajarsu ce kawai.

Haɗakar kwastam da ta fara aiki a ƙarshen 1995 ta ƙara musu hujja. Idan Tarayyar ta ƙulla cinikin da ba haraji da wata ƙasa, kayan ƙasar na iya shigowa Turkiyya ta Turai, amma ba dole ba ne ta buɗe wa kayan Turkiyya ƙofa, kuma ba a zama da Ankara wajen yanke shawarar. Motar da ma'aikacin Bursa ya ƙera tana tsallaka iyaka ba haraji, shi kuwa sai ya bi layin biza.

Sai dai bakinsu bai zo ɗaya ba. Jam'iyyar TKP na ɗaukar Tarayyar a matsayin dandalin 'yan jari-hujja, yayin da ƙungiyar ƙwadago ta DİSK ke kafa hujja da ƙa'idojin Turai wajen kare 'yancin yajin aiki.

Tattaunawar shigar Turkiyya Tarayyar, wadda aka buɗe a 2005, ta tsaya cik tun 2018.