Uwar Kuɗi Ba Ta Shiga Tukunyar Miya

Yau maganar sana'ar cikin gida na kawo mana, musamman dalilin da ya sa mace takan fara sana'a da ƙarfinta, amma kafin watanni shida sai ka ji ta ce jari ya karye.

Ni malamar makarantar firamare ce a Kaura Namoda. Akwai wata yarinya a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda na ga ta fara gyangyaɗi a aji, daga baya ma sai ta yi kwana biyu ko uku ba ta zo ba. Ran nan da la'asar na sa mayafina na tafi gidansu. Na tarar da uwar ta tasa kaskon suya a gaba, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Bayan mun gaisa na tambayi dalili, sai ta ce, "Malama, ya zan yi? Da yarinya ɗaya ke yi mini tallan ƙuli-ƙuli, yanzu sai na haɗa da wannan. Kullum ina aiki, kullum kuɗin raguwa suke yi. Ni dai na ce ko baki ne ya kama sana'ar."

Na ce, "Yaya, ba ni tabarma mu yi lissafi." Na ciro littafi da biro daga jakata, muka bi aikin makon da ya wuce daki-daki. Ta sayi gyaɗa ta naira 20,000. Mai da ƙuli, in an haɗa kuɗinsu duka, sun kama naira 28,000. A ganinta ribarta 8,000 ke nan. To amma mai inji ya karɓi 1,500 kuɗin niƙa, itace ya ci 2,000, ruwan 'yan garuwa da gishiri da yaji da leda sun ci 1,000. Watau abin da ta kashe 24,500 ne, ribar gaskiya kuwa 3,500. A cikin makon nan ta zari 3,000 ta cika cefane, ta kai gudummawar suna 2,000, sa'an nan 2,500 suna bakin maƙwabta bashi. Abin da ya rage a ƙullin zanenta 20,500, alhali sai da 24,500 za ta iya sake yin aiki kamar na baya. A mako ɗaya uwar kuɗi ta rame da naira 4,000. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ni ce ɓarauniyar kaina."

'Yan'uwa, wannan baiwar Allah ba malalaciya ba ce, ba kuma almubazzara ba. Irinta muna da yawa daga Kaura har Zurmi da Shinkafi. Mu nan ba baƙin ciniki ba ne. Tun shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kaura Namoda, nan ta tsaya, daga nan aka riƙa lodin gyaɗa da auduga zuwa kudu. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta yi suna har cikin Jamhuriyar Nijar. Kakanninmu mata, suna cikin kulle, da kaɗi da man gyaɗa da daddawa da fura suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ba su shiga aji ba, amma sun san abu guda: akwai kuɗin da ake ci, akwai kuɗin da ba a taɓawa. Wata gwaggona a Zurmi ƙwarya biyu take da su a ƙarƙashin gado. Ko baƙo ya sauka cikin dare, ƙwaryar uwar kuɗi ba ta buɗuwa. Shekararta talatin tana sayar da daddawa, ba ta taɓa zuwa neman rance don ta sayi kalwa ba.

Saboda haka hali na farko da mai sana'a za ta koya wa kanta shi ne ta ɗauka uwar kuɗi amana ce a hannunta, ta sana'ar ce, kamar dai wani ya ba ta ajiya. Manomi ba ya dafa irin shuka komai tsananin bazara, domin ya san in ya ci iri ya ci damina. Ki sami gwangwani biyu ko asusu biyu. Da kin gama ciniki, fara mayar da duk abin da kika kashe, har da kuɗin itace da na ashana. Abin da ya saura shi ne riba. Ribar ma ki kasa ta uku: kashi ɗaya na buƙatarki, ɗaya ya koma kan jari, ɗaya ki ɓoye don ranar tsiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, rubutu. Kai ba ya riƙe lissafin mako guda, balle na wata. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, wadda ba ta iya ko ɗaya ba ta sa ɗanta ɗan aji huɗu ya rubuta mata bayan sallar isha'i. Shi ma ya ƙaru, domin lissafin da muke fama da su a allo ga shi ya gan shi a tsakar gidansu.

Na uku, kuma shi ya fi wuya, maganar bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a zaman tare ba ya yiwuwa a ce ba za a taimaki juna ba. Amma kunya ta kashe sana'o'i da yawa. Ƙanwar miji ta aiko a ba ta kwalbar mai, kishiya ta ɗebi ƙuli na yara, maƙwabciya ta ce sai maigida ya dawo. Kowacce kina jin nauyin tambayarta, ita kuwa ta mance, ko ta yi kamar ta mance. Ki yanke wa kanki iyaka: bashin da ke waje kada ya wuce ribarki ta mako guda. Wadda ba ta biya na farko ba, a ba ta haƙuri da fara'a in ta dawo. Abin da kika yi niyyar kyauta ki bayar kyauta daga cikin rabonki, kada ki kira shi bashi. Kada kuma ki ji kunyar rubutawa a gaban mai karɓa. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin da Allah ya yi umurni da shi ba ya zama rowa.

Sai biki. Ba na cewa a yanke zumunci. Amma mace ta rufe kasko kwana uku saboda bikin 'yar ƙawar ƙawarta, ta fasa jari ta yi anko, masu sayen da suka saba da ita su zo su tarar ba kaya, to sun koma gidan gaba ke nan. Gudummawa daga riba take fita, gwargwadon ƙarfi. Haka adashi: yana da amfani ƙwarai in zubin bai fi ƙarfin riba ba, kuma in tun kafin kwasa kin san abin da za ki yi da ita. Wadda ta kwashi adashi ta sayi buhun gyaɗa da kaka lokacin da take araha, ko ta ɗaure tunkiya don babbar salla, ta fi wadda ta ƙaro kwanonin jere.

Gaskiya ita ma jari ce. Mudu ya cika, kada a gauraya man gyaɗa da wani mai, a rufe abinci daga ƙuda da ƙura, a wanke kwalba kafin a zuba. Mai sayen da kika cuta sau ɗaya zai faɗa wa mutum goma. Mu tuna Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatauci har Sham, kuma riƙon amana ta duba ta ba Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, dukiyarta.

Wata za ta ce, Malama, ke mai albashi ce, ba ki san halin da ake ciki ba. Na sani. Rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma, ya sa bin hanyar Zurmi da Shinkafi sai da addu'a. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, a watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa suka tashi. Duk wannan ba laifin mace ba ne, kuma gwangwani biyu ba za su kawo zaman lafiya ba. Amma na lura da abu ɗaya a unguwarmu. Matan da suka sake hura wuta bayan kowace masifa su ne waɗanda ke da ɗan abin da suka ɓoye, suka kuma san ainihin abin da kayansu ya ci, suka ƙara farashi daidai da tsadar. Waɗanda ba su da lissafi sun yi ta sayarwa a tsohon farashi suna murna da yawan ciniki, har jarin ya ƙare a hannunsu.

Ina roƙon mazajenmu su ma su taimaka. Cefane haƙƙin maigida ne. In mace ta cika daga sana'arta alheri ta yi, kada a mai da shi dole. In ka ranci kuɗinta ka biya ta kamar yadda za ka biya ɗan kasuwa.

Game da uwar ɗalibata kuwa, wata huɗu ke nan tana riƙe da littafinta. Ba ta yi arziki ba, amma jarin ya daina ramewa. Ta shirya da masu shago biyu a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura, suna sarar ƙulinta duk mako kuɗi hannu. Yarinyar ta bar talla, ita ce ma mai rubuta lissafin da dare, kuma ba ta sake fashin makaranta ba.

Wadda ta gwada wannan dabara, ko take da wadda ta fi ta, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.