Yadda masu gyaran wuta ke rage haraji a Birtaniya

A Birtaniya, mai aikin wutar lantarki da ke zaman kansa ba ya biyan haraji a kan dukkan kuɗin da ya shigo hannunsa, sai a kan ribar da ta rage bayan ya cire abin da ya kashe wajen aiki.

Shi ne kuma zai yi lissafin, ya miƙa wa hukumar tattara haraji ta HMRC ta intanet kafin ƙarshen watan Janairu. Wanda ya makara, tarar fam 100 ce za ta fara hawa kansa.

Ƙa'idar dokar ita ce, ba a cire kuɗi sai wanda aka kashe saboda sana'ar kaɗai.

Wayoyi da soket da tsani da na'urar gwajin wuta da inshora duk sun shiga. Haka ma kuɗin kwas na sabunta ilimi, kamar wanda da yawansu suka yi bayan fitowar bugu na 18 na ƙa'idojin wayarin a 2018.

Mai zuwa aiki da motarsa na iya lissafi da nisan tafiya. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, kwabo 45 na kuɗin Ingila ne a kan kowane mil har zuwa mil 10,000, daga nan ya koma kwabo 25. Tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba kuwa, daga aljihunsa za ta fita.

Batun tufafi

Inda aka fi samun ruɗani shi ne sutura, kuma wata lauya ce, Ann Mallalieu, ta yi sanadiyyar fayyace lamarin.

Ta nemi a cire mata kuɗin baƙaƙen kayan da take sakawa a kotu, tana mai cewa ba ta sa su a wani wuri. Amma a 1983 Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ƙi amincewa, bisa hujjar cewa kayan suna kuma suturta jikinta, suna kare ta daga sanyi.

Da wannan ma'auni ake auna mai gyaran wuta. Hular kwano da safar hannu da takalmin kariya sun halatta, amma ban da wandon jins, ko da bai taɓa sa shi ba sai a bakin aiki.

Ga waɗanda ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangilar gine-gine, lissafin ya fi muhimmanci. Ɗan kwangila na zaftare kashi 20 cikin ɗari na ladan aikinsu tun kafin ya biya su, ko kashi 30 idan ba su yi rajista ba.

Da yake zaftarewar ba ta la'akari da yawancin abin da suka kashe, sau da dama hukumar ce ke mayar musu da kuɗi a ƙarshen shekara.

Sai dai ana bukatar shaida. Wajibi ne a adana rasit da sauran takardu na aƙalla shekara biyar bayan wa'adin miƙa lissafin.