Itatuwan gona ma kayan tarihi ne

Idan aka ce za a fita ganin wuraren tarihi, hankalin mutane yakan tafi ne ga Dutsen Dala, ko rijiyar Kusugu ta Daura, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina. A hanya kuwa mota na ratsa gonaki cike da kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya, ba mai ɗaga kai ya dube su. Alhali waɗannan itatuwa ba tsirowa kawai suka yi suka girma ba. Manomi ne, a lokacin sassabe, ya zaɓi wanda zai bari, 'ya'yansa da jikokinsa suka ci gaba da kewaye shi da garma. Aikin hannu ne kamar ganuwa, kuma da su ake kwatance tun kafin a san allon hanya: Rimin Gado, Unguwar Rimi, Kukawa ta Borno. A hamadar Tenere ta Nijar, wata bishiya guda tilo har a taswira ake sa ta, saboda ayari da ita yake gane hanya. Da mota ta kayar da ita a 1973, sai aka ɗauke gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai.

Kakanninmu ba don ado suka bar su ba. Ɗorawa na ba da kalwar daddawa da garin sha, ɓawonta kuma a yi makuba a shafe katanga. Kuka ga miya, ga igiya daga ɓawonta, wasu kukokin Afirka kuwa an auna shekarunsu sun haura 1,000. Kaɗanya takan kai wajen shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, amma mai gawayi a wuni ɗaya yake kayar da ita.

Manomi zai ce inuwa na hana gero yabanya mai kyau, kuma tsuntsaye na samun masauki. Maganarsa da ƙamshin gaskiya game da wasu itatuwan, shi ya sa ake rage musu rassa. Amma gawo ya rushe wannan hujja, don shi da damina yake kakkaɓe ganyensa, lokacin da sauran ke tohowa. Ganyen ya zama taki, rana ta sauka a kan shuka, da rani kuma ya yi lif ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan ci, su ma su bar kashinsu a gindinsa. Duk wanda ya lura ya san amfanin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili cika ido.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta murhu. Matar da ba ta da kuɗin gas ba za a ce mata ta dafa tuwo da tarihi ba, kuma mai wa'azin hana sara bai kawo mata komai ba. Amsar tana jihar Maraɗi. Tun daga wajen 1983, bayan fari ya share ƙasa, manoma suka soma abin da suke kira sassabin zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a zaɓi toho mafi ƙarfi a bari, a sare sauran. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba, saiwar da ma tana raye a ƙasa. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girki. Abin da ya ƙara wa aikin ƙarfi shi ne hukuma ta daina kallon itacen gona a matsayin nata ita kaɗai, manomi ya tabbata cewa abin da ya kula da shi, shi zai mora. Daga Maraɗi zuwa Jibiya tafiyar ba ta kai ta rabin wuni ba, ƙasar iri ɗaya ce, kututturan ma su ne dai.