Sutura da Ƙarfin Gwiwa: Yadda Ake Tsara Kayan Sawa

Sutura tana yi wa mutum aiki iri biyu. Na farko kowa ya san shi: rufe jiki da kare shi daga rana da sanyi da ƙura. Na biyu ya fi ɓuya, shi ne yadda take sauya tafiyar mai ita da zamansa da maganarsa. Wanda ya shiga taro da tabon manja a ƙirjin rigarsa, rabin hankalinsa yana kan tabon, hannunsa kuma ba ya barin wurin. Wanda ya san shigarsa ta yi daidai yakan manta da kayan jikinsa ɗungurungum, ya fuskanci abin da ya kawo shi. Wannan mantuwar ita ce asalin ƙarfin gwiwar da sutura ke bayarwa.

Masana halayyar ɗan Adam sun taɓa gwada batun. A 2012, Hajo Adam da Adam Galinsky na Jami'ar Northwestern a Amurka sun ba ɗalibai farar riga iri ɗaya, aka ce wa wasu ta likita ce, wasu kuma aka ce musu ta mai zane ce. Waɗanda suka ɗauka rigar likita suka sa sun fi mayar da hankali a aikin da aka ba su. Sai dai a 2019 wasu masu bincike sun maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da mutane masu yawa, ba su sami irin wancan sakamako ba. Riga dai ba ta ƙara wa kowa basira. Abin da take iya yi shi ne ta rage wa mutum abin damuwa.

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin darajar tufafi. Matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai kayan har Timbuktu da Arewacin Afirka. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har yau ana rini a cikinsa, kuma turkuɗin garin Kura ya yi suna a wurin Buzaye. Idan sarki zai ba mutum sarauta, da rawani da alkyabba ake tabbatar masa da ita. Ke nan tun asali shiga tana faɗin matsayi kafin baki ya buɗe.

Babban kuskuren da ake yi a yau shi ne auna kyan shiga da tsadar yadi. Shaddar Getzner da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, da atamfar Vlisco da kamfaninta ke Helmond a Holan tun 1846, kaya ne masu kyau ba shakka. Amma shadda mai tsada a hannun telan da bai iya awo ba asara ce kawai. Ɗinki ya fi yadi muhimmanci. A kaftani, ɗinkin kafaɗa ya sauka daidai ƙarshen ƙashin kafaɗa, hannu ya tsaya a wuyan hannu, wuya ya rufu ba tare da ya shaƙe ba, wando kuma kada ya riƙa sharar ƙasa. A ɗinkin mata, hammata da ƙugu ne suke tona asirin tela: idan mace ba za ta iya ɗaga hannu ta gyara ɗankwalinta ba sai rigar ta ɗage, ɗinkin bai yi ba, komai kyan adon da aka zuba masa. Jiki yana sauyawa, don haka awon shekara uku da ke cikin littafin tela ba abin dogaro ba ne. Kuma duk wanda ya kai ɗinki ana saura mako guda Sallah, ya san irin aikin da zai karɓa.

Yanayi ma yana da ta cewa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi da Kano, lokacin da yadin roba ke riƙe gumi ya tara wari. Auduga ce ke barin iska ta ratsa. Da hunturu kuwa, farar shadda ba ta kai azahar a kan babur ba tare da ta koma ruwan ƙasa ba, sai a bar ta don Juma'a, a riƙa fita aiki da masu ɗan duhu.

Tsara kayan sawa yana farawa ne da fito da komai a baje a kan gado ko tabarma. A nan mutum zai ga gaskiyar abin da ya mallaka. Akwai kayan da ake sawa kullum, akwai masu buƙatar ɗan gyara, kamar maɓallin da ya cire ko zif ɗin da ya lalace, akwai kuma waɗanda suka shekara ba su ga rana ba. Waɗannan na ƙarshe sun fi yawa a akwatunan mata: atamfofin lefe da ba a ɗinka ba, da ankon bukukuwan da aka sa sau ɗaya aka ninke. Anko shi ne babbar ƙofar da kuɗin sutura ke zurarewa, domin launi da yadi wani ne ya zaɓa, ba mai sawa ba. Dabarar da ta fi ita ce a yi masa ɗinki mai sauƙi wanda za a iya fita unguwa da shi bayan biki. Abin da ya matse ko ya fita daga rai, a bayar tun yana da sauran kyau. Kyautar tsumma ba kyauta ba ce.

Abin da ya rage sai a raba shi bisa ga wurin zuwa: na aiki ko kasuwa, na Juma'a da ɗaurin aure, na zaman gida. Yawancin kuɗi ya kamata su tafi kan na aiki, tunda su ne jiki ya fi daɗewa a cikinsu, amma akasin haka aka saba yi. Namiji mai kaftani biyar masu launin da ba ya ihu, kamar fari da toka da ruwan sararin samaniya da ruwan ƙasa, da babbar riga ɗaya mai aiki mai kyau, ya wadatu. Kaftani da wando kan ci kamar yadi 4 zuwa 5, cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando kuma wajen yadi 10, turmin atamfa yadi 6 ne. Sanin wannan yana hana mai saye ruɗewa a kasuwar Kantin Kwari. Ga mace, mayafai uku ko huɗu marasa zane sun fi goma masu furanni amfani, domin suna hawa kowace atamfa.

Hula da takalmi ƙanana ne, amma ido yana fara sauka a kansu. Hular Zanna Bukar mai datti a baki tana kashe sabuwar shadda, shi ya sa masu wankin hula, da suke wanke ta su sa mata sitati su ɗora ta a kan gungume ta bushe, ba sa rasa aiki. Shadda tana son bugu, ba a barinta ta kwana a ruwan omo, ba a kuma shanya mai launi a tsakiyar rana. Kayan da za a adana a tabbata sun bushe sarai, musamman da damina, a jefa musu kafur saboda kyankyasai.

Sauran aikin na dare ne. Kayan gobe a zaɓe su tun yau, a goge su lokacin da akwai wuta, ko da dutsen guga na gawayi, a rataye su tare da hula ko mayafin da zai bi su. Aikin bai wuce minti 10 ba, kuma shi ke raba mai fita a natse da wanda ke tonon akwati ana ta yi masa hon a ƙofar gida.